Tambaya da Amsa: Ambaliya ta baje kaburburan gidanmu, ta yaya za mu gane na kakanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Bayan gidanmu na gado akwai tsohuwar makabarta ta iyali, inda aka binne kakanmu, wanda mahaddaci ne, da 'yan'uwansa da matansu da wasu yara. Ambaliyar 2022 ta kwanta a wurin har ta baje tudun kaburburan. Baffanmu ya kawo mai duba ya nuna wani wuri, sai 'ya'yan ƙanen kakanmu suka ce nan mahaifinsu yake. Yanzu wasu na cewa a tona a gani, wai ƙasa ba ta cin mahaddaci, wasu kuma a ɗebi ƙashi a kai gwajin DNA, wato gwajin ƙwayar halittar da ake gada daga iyaye. Zumunci na neman lalacewa, hankalina ya tashi. Me za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabatanku. Kafin komai, ɗan'uwa, je ka roƙi baffanka da sauran manyan gida, duk wanda ya ɗauko diga da shebur ya mayar. Kada a tona.

Wannan magana ta "a tona a gani" ta ishe ni, domin duk inda ruwa ya ci makabarta sai na ji ta. Waɗanda ingantaccen hadisi ya ce Allah ya haramta wa ƙasa cin jikinsu su ne annabawa. An kuma san labarin Jabir ɗan Abdullahi, wanda aka binne mahaifinsa tare da wani a kabari ɗaya ranar Uhudu, bayan wata shida ya fito da shi ya same shi kamar ranar da aka sa shi, sai ɗan abin da ya taɓa kunnensa. Allah yana karrama wanda ya so, ba mai musu. Amma wa ya ba ku izinin mayar da karama ma'auni? In kun tona kun tarar da ƙasa zalla da 'yan guntayen ƙashi, me yaran gidan za su ce game da kakan nasu? Za ku zubar da mutuncin bawan Allah a bakin jikokinsa a kan alkawarin da ba a taɓa yi muku ba.

Kuma abin da za ku tarar ke nan. Mu ba ma binnewa a akwati, likkafani ne sai itace ko fasassun tukwane a rufe. Ƙasar da ke kusa da kogin Haɗeja kuwa tana jiƙewa da damina ta bushe da rani, shekara da shekaru, ga zafi, ga gara. Ƙashin da ya shekara hamsin ko sittin a irin wannan wuri, kana taɓa shi yake marmashewa.

Masu cewa DNA su ma ji suka yi ana faɗa. Zafi da danshi ne manyan masu lalata shi. Inda ya fi daɗewa shi ne cikin haƙori da ƙashin ƙoƙon kai da ke wajen kunne, wato sai an ciro kan mamacin an huda. A ce ma an dace an samu. Alamar da ɗa ke gada daga uba iri ɗaya ce a jikin kakanku da ƙanensa, tunda ubansu ɗaya, ita ce kuma a jikin ku duka mazan gidan. Ba za ta raba muku wa da ƙane ba, alhali a nan rigimarku take. Gwajin da zai raba uba da baffa yana bukatar DNA mai lafiya, wanda da wuya irin ƙashin nan ya bayar, auren zumunci kuma yana ƙara cakuɗa lissafin. Sannan tunda ba ku san wane ne wane ba, duka kaburburan za ku buɗe, har na matan.

A mazhabarmu ta Malikiyya, littafin fiƙihu na Muhtasar Halil ya faɗa ƙarara: kabari hubusi ne na mai shi, wato wakafi ne da aka keɓe masa, ba a tafiya a kansa, ba a tona shi muddin akwai sauransa a ciki, sai a 'yan wurare na lalura, kamar a manta dukiya a ciki ko a binne mutum a filin wani ba da yardarsa ba. Son sani ba ya cikinsu. Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ko hukuma, in bincike ya kama, sai ta nemi umarnin kotu.

Mai duba kuwa, ku sallame shi. Kafin ya baje yashinsa a faifai ya riga ya sha shayi a bakin kasuwarku ya ji wanda ke rigima da wa. Ka lura, kullum wurin da ya fi tudu ko gindin itace suke nunawa. Hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in.

Hanyar da ke aiki ita ce bakin tsofaffi, kuma ku hanzarta tun suna nan. Ku nemi waɗanda suka haƙa kabarin ko suka ɗauki makara, da liman, da mai unguwa. Kada ku raina tsofaffin mata don ba sa zuwa jana'iza. Makabartar a bayan ɗakunansu take, su suka fi kowa riƙe wanda ya riga wani rasuwa. Ku tambayi kowa shi kaɗai, domin in an tara su, duk abin da babba ya faɗa shi sauran za su bi. Kada ka ce "ina kabarin Malam?" Ka ce: ta wace ƙofa aka fito da shi, wa aka tarar a gefensa, kukar tana gabas ko yamma da ku? In ba su riƙe shekara ba, ku ɗaura ta da abin da ba a mantawa: rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero a 1953, kisan Sardauna a 1966, farin 1973, sanƙarau na 1996. In jerin rasuwa ya fito, sau da yawa jerin kwanciya yakan biyo shi.

Ƙasar ma tana nuna wani abu ba sai an tona ba. Kaburburanmu kudu da arewa suke miƙewa, kai a kudu, fuska ga alƙibla. Bayan ruwan farko, inda itacen rufi ya ruɓe yakan lotsa ya riƙe ruwa, da sassafe za ka ga siffarsa. Tsawon zai raba maka yaro da babba, iyakarsa ke nan. Ka zana a takarda. Ka kuma buɗe gafakar kakan naku da kundinsa, malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen takarda.

Kada ka ɓata kuɗin mota zuwa ofishin rajistar mutuwa. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta ƙasa ta 1992 ce, har yau kuma mutuwar ƙauye ba kasafai take shiga littafi ba. Ko ta shiga, takardar ba ta nuna inda mutum yake kwance a bayan gida.

In mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka nuna wuri ɗaya, ku ajiye dutse, kamar yadda Annabi (SAW) ya sa a kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya gane shi. In suka saɓa, ku kewaye wurin gaba ɗaya, ku yi masa ciko saboda ruwan baɗi. Sallamar ziyara dama ga mutanen makabarta duka ake yinta. In kuma ka ga duk da haka ana ta ja, to ka bincika, wataƙila filin da ke gefen makabartar ake hange. Wannan maganar gado ce, ku kai ta gaban dagaci, in ta gagara a je kotun shari'a.