Shin metan zai iya maye gurbin yuriya wajen rage NOx?

Tambaya: Ina kula da injin lantarki mai aiki da gas, irin wanda ke ƙona mai da iska mai yawa. Wani dillali ya kawo mana katalis, wato abin da ke hanzarta sauyin sinadarai a cikin hayaƙi, ya ce metan, wato gas ɗin da bai ƙone ba da ke saura a cikin salansa, ya isa ya kawar da NOx (iskoki masu guba na naitirojin da oksijin, wato NO da NO2), mu daina sayen yuriya, sinadarin da ake fesawa a cikin hayaƙi don rage su. Ina tsoron kada mu cutar da ma'aikata.

Amsa: Tsoronka yana kan hanya, kada ka cire yuriyar tukuna. Maganar tana da tushe, domin a 1992 Li da Armor na kamfanin Air Products a Amurka sun nuna cewa ziyolait ZSM-5, wani sinadari mai ƙananan ramuka, da aka ɗora wa ƙarfen kobalt yana sa metan ya mayar da NO zuwa naitirojin ko da akwai oksijin, daga baya kuma aka gwada wasu ƙarafa, galiyam da indiyam da faladiyam. Sai dai metan yana da taurin kai, ba ya motsawa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 400 na ma'aunin Celsius ko fiye, tururin ruwan da ke cike da hayaƙin injin gas yana rage wa katalis ƙarfi, farar wuta kuma tana lalata shi. Shi ya sa har yau ammoniya da yuriya ne masana'antu suka dogara da su wajen rage NOx.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gwajin farin ƙyalle. Dillali zai kara ƙyalle a bakin salansa, ya ɗago shi fes, ya ce hayaƙi ya tsarkaka. Wannan yaudara ce tsagwaronta. Injin gas dama ba ya fitar da baƙin hayaƙi, NO kuma ba shi da launi, ba ya barin tabo. Da ya haɗu da iska sai ya koma NO2, wanda mutum zai iya shaƙa da yawa ya tafi gida lafiya lau, bayan sa'o'i ruwa ya taru masa a huhu. Kullum sai na maimaita wannan, amma har yanzu ana amincewa da ido a kan abin da ido ba ya gani.

Ka sa a auna NO da NO2 da N2O (wata iskar naitirojin da katalis kan iya haifarwa) da metan da na'ura, kafin katalis da bayansa, injin yana cikakken lodi da rabin lodi, a kuma sake aunawa bayan makonni na aiki. Idan dillalin ya ƙi yarda da wannan sharaɗi, ka mayar masa da kayansa.