Fim biyar a takarda, ko sisi babu a hannu

Na ga saƙonka a kan mutumin da ya zo maka da tsarin fim biyar na jarumi mai tashi sama, wai yadda Marvel ke jera finafinan shekaru masu zuwa, yana so ka yi masa siddabarun kwamfuta, kuɗi kuma sai fim ya fita. Kana tambaya ko ka karɓa. Wallahi sai da na kife wayar na ɗan jima, don ka fama mini tsohon miki.

Yadda ake cire mutum daga koren ƙyalle, wanda ake ratayawa a bayan jarumi don a musanya shi da wani hoto a kwamfuta, ba zan tsaya koya maka ba. Shekara uku kana zaune a bayana, in har yanzu ba ka iya ba, ka tuhumi wayar nan da ba ta barin hannunka. Ciniki ne ba ku sani ba ku yaran yanzu. Da an haska muku sunan fim da kwanan wata a allo sai jikinku ya hau ɓari, kuna yi wa rogo kallon kitse.

Su masu abin ma, nawa suka cika? A watan Oktoba na 2014 kamfanin Warner Bros. ya jero finafinai goma na jaruman DC har zuwa 2020. Cyborg da Green Lantern da aka sa wa 2020 ba a yi su ba, The Flash da aka ce 2018 sai a 2023 ya fito. A wannan watan dai Kevin Feige na Marvel ya hau dandamali a Los Angeles ya nuna guda tara, cikinsu har da Inhumans, wanda daga baya aka zare shi daga jerin. Batgirl kuwa an gama ɗaukarsa, an kashe wajen dala miliyan 90, a 2022 aka kulle shi a ɗaki. Waɗannan fa masu kuɗi ne na gaske. Kafin Marvel su fito da Iron Man a 2008, bashin dala miliyan 525 suka ciyo a bankin Merrill Lynch tun 2005, suka jinginar da haƙƙin fim na jarumansu goma. Shi mutumin naka me ya jinginar? Bakinsa?

Ni ma wani ya taɓa zuwa mini da irin wannan romon baka, zamanin faifai, lokacin da fim ba ya zama fim sai 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sun ɗauka. Furodusa ne, da babbar riga da turare, ya baje mini fastoci huɗu a kan tebur, kashi na ɗaya zuwa na huɗu, duk an riga an buga, alhali ko sin ɗaya ba a ɗauka ba. Labarin wani saurayi ne da ya tsinci zobe, in ya murza shi sai ya tashi sama. Ya ce duk faɗin Kano babu hannun da zai iya sai nawa, kuma gaskiya ya faɗa, a lokacin babu. Muka yi jinga a baki, dunƙule, kuɗi ɗaya na kashi na farko, biya sai faifai ya shiga kasuwa. Ba takarda, ba shaida, ba kafin alƙalami.

Kwamfutar da nake da ita ba za ta ɗauki aikin ba. Na sayar da ɗan filin da na saya da gumina na haɗa wata. Na sallami masu kawo mini editin na biki, mutanen da ke biya a take, na ce musu na shiga babban aiki.

Ranar da aka kawo abin da aka ɗauko daga lokeshan, na buɗe, gabana ya faɗi. Ƙyallen da suka rataya atamfar makaranta ce mai ruwan ganye, duk ta yamutse, rana ta haske rabi, rabi inuwa. Jarumin kuma an sa masa hula mai koren zare. Ina danna cire kore sai rabin kansa ya ɓace. Dole na koma yanka da hannu, firem bayan firem, kuma ka san daƙiƙa ɗaya firem 25 ce. Tashi na daƙiƙa goma, hoto 250 ke nan, kowanne sai na bi gefen riga da yatsun hannu da linzami. In bar kwamfuta tana renda, wato haɗa hotunan su zama bidiyo, da daddare, a ɗauke wuta cikin dare, da asuba in tarar da komai ya koma farko. Man janareta daga aljihuna. Idona na hagu tun lokacin yake ruwa.

Na gama sin goma sha, sai ga shi. Wai ya kalli wani fim ɗin Amurka, yanzu yana so wuta ta riƙa fita daga zoben. Na sa wuta. Ya dawo, wai ɗan kasuwa ya ce ja ta yi kama da gobara, a mai da ita shuɗiya. Na mayar. Sau biyar ana canza abu ɗaya, kuɗin jinga yana nan inda yake. Wata bakwai ina kai.

Wata Juma'a bayan sallah ya zo ya ce in ba shi aikin a faifai zai nuna wa mai zuba kuɗi, zai dawo da la'asar da rabin kuɗina. Na ba shi cikakke, tas, ko tambari ban ɗora a kai ba. Ban ƙara ganinsa ba sai da na ga faifan a hannun yaro mai talla a danja. Na saya da kuɗina, na sa, ga aikina, ga sunan wani a matsayin edita. Na kai ƙara wurin manya, suka ce ina takarda? Kashi na biyu zuwa na huɗu har yau suna jikin fasta. Filin nan kuwa yanzu unguwa ce, in hanya ta biyo da ni ta wajen kau da kai nake yi.

Kada ka ɗauka a nan kawai ake yi. Kamfanin Rhythm & Hues na Amurka da ya ƙirƙiri damisar fim ɗin Life of Pi ya karye a Fabrairun 2013, a watan da aka ba aikinsu kyautar Oscar. Irin jingar nan ta dunƙule tana cikin abin da ke cinye masu sana'armu a can: farashi a ƙulle, gyara ba iyaka. Ma'aikatan siddabaru na cikin Marvel ma sai da suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a 2023.

Don haka ni ba na cinikin biri a sama, kai ma da na rena ba za ka yi ba. Ka manta da fim biyar, a yi maganar na ɗaya. Ya kawo labarin a rubuce, ku zauna ku ƙirga wuraren da ake buƙatar siddabaru ɗaya bayan ɗaya, kowanne da daƙiƙoƙinsa da kuɗinsa. Rabi a hannu kafin ka kunna kwamfuta. Gyara sau biyu ne, na uku sabon ciniki. Ranar ɗaukar sin na ƙyalle ƙafarka ƙafarsu, kai za ka duba haske, kai za ka duba kayan jikin jarumi tun daga hula har takalmi. Duk abin da zai fita daga shago kafin a cika kuɗi, da sunanka ɓaro-ɓaro a tsakiyar hoton. Na san halinku, kunya za ta hana ka faɗa masa, kana tsoron kada ya kai wa wani. Ya kai mana.

Ka kawo mini shi shago ranar Asabar bayan azahar, ya zo da rubutaccen labarin da shaidu biyu. Ni zan yi magana, kai ka riƙe biro.