Amsoshin Tambayoyinku: Shirin Safe a Tashoshin Labarai na Kebul

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina yawan kallon shirye-shiryen safe na tashoshin labarai na Amurka, irin su CNN da Fox News, kuma abu biyu suna ɗaure mini kai. Labari ɗaya sai a yi ta maimaita shi kafin a rufe shirin, sannan masu gabatarwa sukan zauna a doguwar kujera suna raha kamar a falon gidansu. Shin wannan labarai ne ko hira ce kawai? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malama, maimaicin da kika lura da shi da gangan aka tsara shi, domin ba a shirya shirin safe don wanda zai zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe ba. Wanda ake nufi da shi yana tsaye ne, yana ɗaura igiyar takalmi ko yana laluben makullin mota, kunnensa na ga talabijin idonsa na wani wuri, kuma ba zai jima ba zai fice. Wanda ya kunna akwatinsa da ƙarfe 6 ba shi ne zai kunna da 7 da rabi ba, saboda haka dole a sake karanta kanun labarai don kowa ya samu rabonsa. Shi ya sa ma agogo ba ya barin kusurwar allon.

Wannan tsari ya girmi tashoshin kebul ɗin kansu, wato tashoshin da ake kai wa gidaje ta waya ana biyan kuɗi, irin su CNN da Fox News. Tashar NBC ce ta soma shi ranar 14 ga Janairun 1952 da shirin Today, wanda Pat Weaver ya ƙirƙira, Dave Garroway kuma ya gabatar. Tun a lokacin aka cakuɗa labarai da nishaɗi, har a 1953 aka kawo wani biri mai suna J. Fred Muggs yana zama kusa da mai gabatarwa don jan hankalin yara da iyayensu. Idan rahar yau ta ba ki mamaki, to kin ji inda aka faro. ABC ta biyo baya da Good Morning America a 1975, BBC kuma ta kai salon Ingila a 1983.

Abin da kebul ya sauya shi ya fi dacewa da tambayarki ta biyu. Da Ted Turner ya buɗe CNN a birnin Atlanta ranar 1 ga Yunin 1980, labarai suka zama abin da ake samu dare da rana, don haka mai kallo ba ya bukatar jiran safiya kafin ya ji abin da duniya ke ciki. Tashar da ke son a kunna ta da asuba sai ta nemi wani abin da za ta riƙe mutane da shi, kuma abin da aka samu shi ne fuskokin da mai kallo ya saba da su da ra'ayin da ya yi daidai da nasa. A kan haka Fox News ta kafa shirin Fox & Friends a 1998, wanda ke karkata ga masu ra'ayin mazan jiya, MSNBC kuma ta soma Morning Joe a 2007 da Joe Scarborough, tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Florida. Akwai kuma lissafin kuɗi a ciki, domin zaunar da mutum uku da baƙinsu su yi sharhi na awa uku ya fi araha nesa ba kusa ba a kan tura wakili da mai ɗaukar hoto wata ƙasa, ga shi tashar na cin abinci ne daga tallace-tallace da kason da kamfanonin kebul ke biyan ta a kan kowane gida.

Kada ki raina hirar. 'Yan siyasar Amurka suna bibiyar ta, kuma Donald Trump ya shafe shekaru yana bugo waya kai tsaye cikin Fox & Friends tun kafin ya zama shugaban ƙasa, abin da aka faɗa a kujerar nan da safe yakan zama batun da ake tafka muhawara a kansa har dare.

A ganina shirin ya haɗa duka biyun, amma sharhin ya rinjayi rahoton. Rahoton yakan zo ne a farkon kowace awa, inda wakili zai tsaya a wurin da abin ya faru ya faɗi wanda ya ce kaza da lokacin da ya faɗa. Da zarar an dawo kan kujera kika ji baƙo ya soma da "ni dai ina ganin", to an shiga fagen ra'ayi, ko da kuwa rubutun da ke gudana a ƙasan allon yana nan yana cewa labari ne da ɗumi-ɗuminsa.