Ga 'yar'uwar da littafinta ya tsaya a babi na shida

Salama, 'yar'uwa. Kin ce shekara biyu ke nan kina rubuta littafi don 'yan matan ikilisiya, kin kai babi na shida ya ci tura. Kin yi addu'a har da azumi, amma da kin buɗe shafin sai jiki ya mutu, shi ne kike tambaya ko Ubangiji bai kira ki ga wannan aiki ba tun farko.

A ganina ba a auna kira da yadda aiki ke yi wa mutum daɗi. Ki buɗe Irmiya sura 36 ki karanta a natse. Irmiya yana faɗa, Baruk magatakarda yana rubutawa, saƙon shekaru ashirin da uku a littafi ɗaya. Aka kai wa sarki Yehoyakim a watan tara, lokacin sanyi, yana zaune gaban kaskon wuta. Duk sa'ad da mai karatu ya gama shafi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Abin da ya biyo baya shi ne umarni ga Irmiya ya ɗauko wata takarda, Baruk ya sake rubutawa daga farko, har aka ƙara da wasu maganganu masu yawa. Baruk ɗin nan kuwa ba dutse ba ne. A sura 45 ya koka cewa ya gaji da nishi, bai sami hutawa ba, aka ce masa kada ya nemar wa kansa manyan abubuwa. Ga mutumin da babu shakka a kan aikinsa, ga shi kuma a gajiye. Saboda haka gajiyarki ba ta amsa tambayar kira, ko ta nan ko ta can.

Abin da ya kamata ki gano shi ne irin tsayuwar da kika yi, don ba duka ce addu'a kaɗai ke warwarewa ba. In barci ne bai ishe ki ba, ga aikin gida ga zumuntar mata ga ƙungiyar mawaƙa, to maganin shi ne wanda aka yi wa Iliya a 1 Sarakuna 19: aka bar shi ya yi barci, aka ba shi gurasa da ruwa har sau biyu, sannan aka yi maganar tafiya. Ki ajiye littafin mako biyu, amma ki rubuta ranar komawa a kalanda, don hutun da ba shi da rana shi ke zama shekara. In kuwa mutuwar jikin ta wuce rubutu, ta shafi ci da barci da sha'awar komai har makonni, ki ga likita, wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Sai dai yawancin littattafan da ke tsayawa a tsakiya, rashin tsari ne ke tsayar da su. Babi biyar na farko zafin zuciya ne ke rubuta su, abin da ya daɗe yana cin mutum a rai. Daga nan zafin ya huce, marubuciya ba ta san inda ta dosa ba, sai ta ɗauka Ruhu ne ya yi shiru. Ki gwada wannan: ki ɗauki takarda ɗaya, ki rubuta wa kowane babi jimla ɗaya tak, abin da kike so mai karatu ta fita da shi. Waɗanda kika gama da waɗanda suka rage duka. In jimlar babi na shida ta ƙi fitowa, ko ta fito iri ɗaya da ta babi na uku, kin ga inda matsalar take. Wataƙila babin ba shi da gurbi, ki cire shi ki wuce. Luka ma, a ayoyi huɗu na farkon bisharar sa, ya ce ya bi diddigin kome tun daga farko sannan ya rubuta bi da bi. Hurarren littafi ke nan, bai hana bincike da tsarawa ba.

Bayan haka sai lissafi. Kalmomi 300 a rana, wajen shafi ɗaya da rabi na littafin rubutun makaranta. Kwana biyar a mako ya zama 1,500. Littafi mai kalmomi 30,000 mako ashirin ke nan daga farko, ke kuwa kin riga kin ci rabin hanya ko kusa. Lahadi ki bar ta ga sujada, wata rana ɗaya kuma ta zama ta biyan bashin ranar da baƙi ko rashin lafiyar yaro suka cinye. Ki raba lokacin addu'ar safe da lokacin rubutu, ko da suna bin juna. In kika gauraya su, ko dai addu'ar ta cinye lokacin rubutun ki tashi kina ganin kin yi aiki, ko kuma karatun Littafi Mai Tsarki ya koma farautar ayar da za ki sa a babi, ranki ya zauna da yunwa. Kafin ki fara, addu'a gajeriya ta isa. Ki tsaya a tsakiyar sakin layi, inda kin san abin da ke biye, don gobe kada ki tarar da farar takarda. Kada ki koma gyaran babi na ɗaya sai kin kai ƙarshe, masu wannan sukan sake babi ɗaya sau goma, na bakwai bai taɓa ganin rana ba.

Wani abu da nake ja wa masu bi kunne a kai: kada ki yi wa'adi. Ana yawan tashi a taron farkawa a ce kafin Kirsimeti littafi zai fito. Kirsimeti ta zo ta wuce, sai kunyar mutane ta haɗu da jin an saɓa wa Allah, mutum ya daina ko duban rubutun. Mai Hadishi 5:5 ya ce gara kada a yi wa'adi da a yi a kasa cikawa.

Masu dubawa biyu kike buƙata, kuma ba mutum ɗaya ba. Fasto ko wanda ya yi makarantar tauhidi ya duba koyarwa da yadda kika ɗauki ayoyi. Wani daban, malamin Hausa in ya samu, ya duba harshe, ya nuna inda ya gaji da karatu. Fasto sau da yawa zai ce Allah ya sa albarka don kada ya karya miki gwiwa, don haka ki ba shi tambaya takamaimai: wace aya ce na ciro daga muhallinta? In an yi miki gyara, ki bar kwana uku kafin ki amsa. Kalmar nan "Ubangiji ne ya ba ni" ta hana littattafai da yawa gyaruwa, alhali saƙon ne aka ba mutum, jimlolin nasa ne. Littafi Mai Tsarki na Hausa da muke riƙewa ma haka ya zo: Dokta Walter Miller, ɗan mishan da ya yi aikin fassarar, ya shigo ƙasar Hausa a 1900, cikakkiyar fassarar ba ta fito ba sai 1932, da hannun mutane da yawa, daga baya kuma aka sake fassarawa. Wannan ya tuna mini, ki zaɓi fassara ɗaya ki bi ta har ƙarshe. Littafi ɗaya, wata ta kira shi Mai Wa'azi, wata ta kira shi Mai Hadishi, in kika cakuɗa su mai karatu za ta rikice.

Yehoyakim na zamanin nan kuwa waya ce da ta faɗa ruwa ko aka sace. Duk ranar Asabar ki aika wa kanki abin da kika rubuta ta imel, in da biro kike rubutu ki ɗauki hoton shafukan. Ki sa maɓallan Hausa a Gboard, manhajar buga rubutu ta waya, tun yanzu don ɓ, ɗ da ƙ su fito daidai, in ba haka ba za ki bi shafi ɗari kina gyara "kasa" da "ƙasa".

Maganar bugu ba ta taso ba tukuna, amma in ta zo kada ki ci bashi ki buga kwafi dubu da sunan bangaskiya. Ki fara da ɗari ko ɗari biyu, ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa, ki kuma sa maɗaba'a ta fitar miki da kwafi ɗaya na gwaji ki karanta kafin a buga sauran, don wasu nau'o'in haruffa sukan mai da baƙaƙe masu lanƙwasa su zama akwatuna.

In kin rubuta jimlolin babi-babin nan, ki turo mini su mu duba na shida tare.