Tambaya da Amsa: Haƙƙin Yaran Shago da Ushirin Ikkilisiya, Wanne Ke Gaba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da shagon kayan gini a Sabon Gari, yara uku nake riƙe da su, kowanne naira 40,000 a wata. Kasuwa ta ja baya, wata biyu ke nan ban biya su ba, amma ban taɓa fashin ushiri ba, don an koya mana cewa wanda ya hana shi ya yi wa Allah ƙwace. Maiɗakina ta ce ba daidai nake yi ba. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya na wurin maiɗakinka. Naira 240,000 ɗin da yaran ke binka tasu ce, ba ta cikin dukiyarka, kuma ba a fitar da ushiri daga kuɗin wani.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan batu a dunƙule ba. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya shi kafin faɗuwar rana, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, don matalauci ne kuma ransa na kan kuɗin. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne wa masu girbi yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Tushen duka yana Farawa 1:27: yaron da ke sauke maka siminti an halicce shi cikin kamannin Allah, daidai da kai. Ayar ƙwacen da ka ambata tana Malakai 3:8, amma ka koma baya kaɗan zuwa aya ta 5 a wannan sura, za ka ga Allah ya jera masu zaluntar ɗan ƙodago a kan ladansa tare da matsafa da mazinata. Ita wannan ba a cika wa'azinta ba, alhali annabi ɗaya ne ya faɗi duka biyun. Yesu Almasihu ma a Matiyu 23:23 ya tsawata wa masu fitar da ushirin kayan ƙamshin miya suna watsi da adalci da jinƙai da aminci. Bai soke bayarwa ba, ya dai nuna wanda ya fi nauyi.

Inda 'yan kasuwa da yawa ke kuskure shi ne lissafi. Suna fitar da kashi goma daga cinikin da ya shigo, alhali a cikinsa akwai uwar kuɗi, hayar shago, kuɗin dako da albashi. Sai an cire waɗannan ake sanin riba. Idan cinikinka na wata naira miliyan 3 ne, kayan sun ci miliyan 2.6, haya da sufuri 150,000, albashi 120,000, abin da ya rage 130,000 ne, ushirinsa 13,000. Watan da babu riba, babu abin fitarwa daga shagon.

Ka fara da kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa musu halin da ake ciki, ka nemi gafararsu. Ka rubuta wa kowa abin da yake binka da ranar biya, ku sa hannu, da shaida, dattijon ikkilisiya ko shugaban layinku. In ba za ka iya biya a dunƙule ba, ka ƙara wa kowa 10,000 duk Asabar a kan albashinsa, cikin mako takwas ka fita. Daga nan ka ware kuɗin albashi kullum da yamma kafin ka taɓa aljihun shago don cefane, kuma ka rage ba 'yan kwangila kaya bashi, don galibi can albashin yara ke maƙalewa. Kada ka yanke wa yaro kuɗi saboda fashewar tayil ko ɓatan kaya da ka ɗora masa a kan zato. Yaron da aka daɗe ba a biya ba shi ne ke fara ɗora wa kaya farashi a ɓoye, kuma kana da kaso a cikin laifinsa.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ita ma ta ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma ka tambayi kanka ko 40,000 na riƙe mai iyali a Kano yau. Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta cewa amincewar ma'aikaci da ƙaramin lada saboda matsi ba ta mai da ladan adalci ba. In kasuwa ta farfaɗo, ƙarin albashi ya riga sabon shago.

Tambaya: Ina saro masara da gero a Dawanau ina sayarwa a unguwa. Kowa a layinmu na da kwano biyu, na saye da na sayarwa. In na daina zan karye. Sannan ajiye hatsi har ya yi tsada zunubi ne?

Amsa: 'Yar'uwa, kwano biyu haramun ne kai tsaye. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami, ko da a cikin gida. Annabi Amos (8:5-6) ya la'anci masu rage mudu, su ƙara farashi, su haɗa da dusar hatsi su sayar. Buga gindin kwano ya shige ciki, da cika ƙasan buhu da tsakuwa ko ƙaiƙayi, duk suna ƙarƙashin wannan hukunci.

Ba za ki karye ba in kin gyara lissafi. Ki auna buhun da kika saro da kwanon gaskiya, ki san kwano nawa ya bayar bayan an sheƙe. Ki haɗa kuɗin buhu da na mota da na dako, ki raba da wannan adadi, ki ɗora ribarki a fili. Farashinki zai ɗan ɗara na maƙwabta, sai ki bar mai saye ya auna da nasa kwanon a gabanki. Waɗanda kika tauye a baya kuma kin san su, ki cika musu. Zakka mai karɓar haraji ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa (Luka 19:8).

Ajiya kuwa ba laifi ba ce, Yusufu ya tara hatsi a Masar ya ceci jama'a da shi. Abin da Karin Magana 11:26 ta ce mutane na la'anta shi ne ɓoye hatsi lokacin da ake nema. Ki saya da kaka, ki busar sosai, ki zuba a buhun leda mai rufi uku wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Idan damina ta yi nisa, rumbunan mutane sun ƙare, ki fito da shi a farashin ranar, kada ki haɗa baki da 'yan layi a rufe shaguna don kuɗi ya hau.