Tattalin Arziki ko Tsimi da Tanadi?

Wata ɗaliba daga Zariya ta karanta cewa Italiyawa sun daɗe da juya manyan littattafan tattalin arziki zuwa harshensu. Tambayarta: da mu ne, wane suna za mu ba fannin, "tattalin arziki" ko "tsimi da tanadi"?

Malama, abin da kika karanta gaskiya ne. A 1850 masanin tattalin arziki Francesco Ferrara ya fara fitar da jerin fassarori mai suna Biblioteca dell'Economista a birnin Turin na Italiya. A birnin dai, cikin 1947, aka buga fassarar littafin Lionel Robbins, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, na 1932 kan yadda ake nazarin fannin. Su sun huta, domin kalmarsu ta economia tana ɗauke da fannin karatun, da harkar dukiyar ƙasa, har da tsimin magidanci: fare economia na nufin rage kashe kuɗi.

Mu kuwa mun raba. Tsimi shi ne taka-tsantsan wajen kashewa, tanadi kuma ajiya don gobe. Tattali ya fi su faɗi. Ana tattalin yaro, ana tattalin miji, ana tattalin dabba, wato kula da abu don ya ɗore ya bunƙasa. Arziki kuma daga Larabci muka aro shi, rizƙ.

Robbins ya ce fannin nazari ne na halayyar ɗan Adam tsakanin buƙatu da abin hannu wanda bai isa ba, kuma ana iya sarrafa shi ta hanyoyi daban-daban. Zaɓi ke nan, ba matse hannu kawai ba. Manomin da ya sayar da buhun masara ya sayi taki bai yi tsimi ba, amma ya yi tattali. Shi ya sa na fi karkata ga "ilimin tattalin arziki", duk da na san malaman makaranta sun saba da ɗayan.

Wani kuma ya tambayi ma'anar "taura biyu ba ta taunuwa". Taura ɗan itace ne mai ƙwallo mai tauri, ɗaya ma ta cika baki. Ana faɗa wa mai son haɗa abu biyu da ba sa haɗuwa. Mai fassara Robbins zai iya kawo ta a misali, amma ba ta isa ta zama ma'anar fannin ba, domin ba ta faɗi yadda ake auna wadda za a bari ba.