Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya ko Kirista zai iya riƙe gaskiya a kasuwar hatsi

Salama a gare ka, ɗana, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na karanta tambayarka, inda ka ce kana tsaron shagon wani ɗan kasuwar hatsi, an kuma koya maka ka gauraya tsohon wake da sabo, ka saya da babban mudu ka sayar da wanda aka buga wa gindi, alhali ran Lahadi kana tsaye cikin ƙungiyar mawaƙa kana yabon Allah. Ka ce zuciyarka ba ta kwanta ba, kana kuma son ka san ko akwai hanyar da mutum zai yi rayuwa mai ma'ana a gaban Allah ba tare da ya kwana da yunwa ba. Ni ma a wannan sana'a na yi furfura, tun ina yaron mota mai dakon masara daga Saminaka zuwa Dawanau har na sami rumfar kaina, saboda haka zan amsa maka da abin da idona ya gani da abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mini.

Rashin kwanciyar zuciyar nan da kake ji kada ka yi ƙoƙarin kashe shi, domin alama ce cewa lamirinka yana da rai. Abin da ake sa ka yi kuwa ba sabon abu ba ne. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, ya yi wa'azi a Isra'ila a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin da ƙasar take cikin wadata, kuma a sura 8 ya kwatanta 'yan kasuwar hatsi waɗanda suke ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbunansu, su rage mudu, su ƙara farashi, su yi algus da ma'auni, har su haɗa da sharar alkama su sayar wa matalauci. Ka lura, mutanen nan suna kiyaye ranar hutu, ba su fasa sujada ba, amma Allah ya rantse cewa ba zai manta da ko ɗaya daga cikin ayyukansu ba. Maimaitawar Shari'a 25 ta hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji. A ganina wannan ya rufe ƙofar da yawancinmu muke so mu bari a buɗe, wato mu ce ibada dabam, kasuwa dabam. Matar da ta zo da kuɗin mudu ɗaya ta koma gida da abin da bai cika mudu ba, 'ya'yanta ne za su ji ragin a tukunya, kuma Allahn da ka raira wa waƙa jiya shi ne mai jin kukansu yau.

Akwai abin da ya fi tauye mudu muni, ban san ko ya iso shagonku ba, amma ya zama dole in faɗa. Wasu suna yayyafa wa wake maganin ƙwari na feshin gona don kada ya yi ƙwaro, su fito da shi kasuwa tun gubar ba ta gushe ba. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Turawa sun iya rufe iyakarsu, amma talakan da yake sayen ƙosai a bakin hanya ba shi da wurin gwaji. Idan an taɓa miƙa maka kwalbar nan, wannan ya wuce maganar ciniki, ya shiga ƙarƙashin dokar da ta ce kada ka yi kisankai, kuma babu albashin da ya isa ka sa hannu.

Game da tsoron yunwa, ba zan ruɗe ka ba. Akwai masu wa'azin da za su ce maka da zarar ka riƙe gaskiya kuɗi za su biyo ka, ni kam ban ga haka kullum ba. Na san dattawa masu tsoron Allah da suka mutu a gidan haya, na kuma san masu algus da suka gina benaye. Asaf ma ya ga irin wannan, ya ce a Zabura 73 saura kaɗan ƙafarsa ta zame don kishin wadatar mugaye. Abin da zan iya shaida maka shi ne, gaskiya tana jinkirin biya amma tana tara amana, amana kuwa ita ce ainihin jarin ɗan kasuwar hatsi. Manomin da ya gane ba ka zambatarsa a awo zai bar maka buhuna bashi har ka sayar. Mai gidan abincin da ta ga waken da ka ba ta yana nuna lokaci ɗaya, ba rabi ya dahu rabi ya ƙi ba, ba za ta ƙara zagaya kasuwa ba. Abokan cinikina Musulmi, waɗanda addininsu ma ya yi kakkausan hani a kan tauye mudu, sun sha barin mini maƙullin rumfarsu idan za su tafi masallaci ran Juma'a, ni ma na bar musu nawa, kuma na tabbata wannan ya yi wa sunan Almasihu shaida a layinmu fiye da duk gardamar addini da na taɓa ji. Amma ko da babu ɗaya cikin waɗannan da ya zo maka, dalilinka na auna daidai yana nan, domin ba don riba kake yi ba. Afisawa 2:8-10 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, sa'an nan ta ƙara da cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Cikakken mudu ba ya sayen ceto, wanda aka cece shi ne yake cika mudu.

Ka tambayi ma'anar rayuwa, kamar tana can wani wuri nesa da rumfar da kake zaune. Lokacin da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aikinsu ba. A Luka 3 ya gaya wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya gaya wa na biyu kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Hali yana ginuwa ne a irin waɗannan ƙananan wurare, a canjin da ka mayar wa yaron da bai iya lissafi ba, a kuɗin ɗan dako da ka biya kafin rana ta faɗi ba tare da ka ce ya dawo gobe ba, a bakinka da ya daina rantsuwa da sunan Allah a kan farashin sari. Yesu ya ce i ɗinmu ya zama i, a'a kuma a'a, kuma wanda ya saba da haka a kasuwa zai same shi a shirye ranar da babban gwaji ya zo a aure ko a riƙon kuɗin ikilisiya.

Yanzu batun maigidanka. Kada ka tsaya a gaban masu saye ka tona shi, kada kuma ka je masa da wa'azi kamar kai ne babba. Ka same shi shi kaɗai bayan an tashi kasuwa, ka gaishe shi yadda ya dace, ka gode masa don riƙon da ya yi maka, sa'an nan ka ce masa: Baba, zan yi maka kowane aiki da dukan ƙarfina, ba za ka taɓa rasa ko ƙwaya a hannuna ba, amma ina roƙo a bar ni in auna da mudu ɗaya, in kuma ware tsohon kaya in sayar da shi a farashinsa. Idan nauyinsa ya hana ka, ka nemi wani dattijo da yake jin maganarsa ya raka ka. Kada ka je hannu wofi. In matsalar ƙwaro ce, ka nuna masa buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda yake toshe iska ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba, ana kuma iya sake amfani da shi idan bai huje ba. Mutum yakan fi saurin barin mugun abu idan an nuna masa hanyar da ba zai yi asara ba.

Mai yiwuwa ya yarda, mai yiwuwa ya ƙi. Idan ya ƙi har ya ce ko ka yi ko ka tafi, to manzanni sun riga sun amsa a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane, sai dai ina ba ka shawara kada ka ɗauki nauyin nan kai kaɗai. Tun kafin ka yi masa magana ka sanar da fastonka da dattawan ikilisiyarku, ka fara tambayar wani wurin aiki a hankali, ka kuma ajiye ɗan abin da za ka riƙe kanka da shi na 'yan makonni. Mu ma 'yan'uwanka masu bi muna da alhaki, domin bai kamata mu ce wa yaro ya bar algus sa'an nan mu juya masa baya idan ya rasa abinci ba. Waɗanda kuma ka san ka tauye wa awo kuma har yanzu suna zuwa shagon, ka cika musu daga naka rabon gwargwadon ƙarfinka, kamar yadda Zakka, shugaban masu karɓar haraji, ya yi niyyar mayar wa waɗanda ya zambata a Luka 19. Ka sanar da mu yadda kuka ƙare da maigidan, za mu riƙe ka cikin addu'a, ni kuma zan tambayi waɗanda na sani ko akwai mai neman yaron shago.